Katin Aro da Gidan Balan

"Ta gefe za ki riƙe shi, Khaula. Ta gefe na ce. Kada yatsanki ya taɓa haƙoran zinaren nan na ƙasa."

Khaula ta gyara riƙo. Abdulmuttalib ɗan kawunta ne, mai shagon wasan gem da gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Ajingi, kuma tun da ya zaro katin girafik ɗin, wato abin da ke fito da hoto a kwamfuta, daga kwalinsa bakinsa bai huta ba. Abu ne baƙi mai nauyi, tsawonsa ya kusa kamu guda, da fankoki uku jere a jikinsa. Ranar kasuwa ce, waje ya kaure da kukan awaki da hon ɗin motocin gyaɗa, amma shi ko a jikinsa.

"Kin ga ƙarƙashin fankar tsakiyar nan? Nan ƙwaƙwalwarsa take. Ba ta kai kwalin ashana ba, amma layukan da aka zana a cikinta, gashin kanki ma igiya ne a kusa da su. Kuma sun ware wani sashe daban, ba shi da aiki sai bin haske. Inda ya fito, inda ya bugi bango, inda ya dawo ya faɗa kan ruwa, duk yana biye da shi. Tsohon katinki ai shafa haske yake yi kamar mai fenti. Wannan kuwa..."

"Yaya Muttalib, na sani. Na kalli bidiyonsa har na haddace."

"Kin kalla dai, amma ba ki taɓa riƙewa ba."

Gaskiyarsa ce. Tun ranar da aka fitar da katin take bibiyarsa a waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta san girman ma'adanarsa, ta san wutar da yake ci, ta san hoto nawa yake zubowa a sakan ɗaya. Farashin ne kawai idan ta zo kansa take saurin wucewa.

Shi kuwa Muttalib ba ya wuce farashi. "Miliyan ɗaya da rabi," ya ce, yana naɗe katin a ledarsa, "wai a hakan ma an yi mini sauƙi. Dala ta hau, manyan kamfanoni kuma sun bi kayan haɗa shi sun kwashe, kamar yadda 'yan sari suke yi mana da kaka. Ni kaina ba nawa ba ne, kin sani. Wani ɗan gidan masu shi ne a Kano ya yi oda ta hannuna, ya ce in gwada masa kafin in kai. To, gwajin ke nan za ki yi mini. Bayan la'asar zan biyo ta Gaya in karɓa, kafin magariba ya shiga hannun mai shi. Ko kina tsakiyar abin ne cirewa zan yi, kada ki ce ban faɗa ba. Zanen aro ba ya rufe katara."

"Na ji."

"Ungo wannan kuma, akwatin wuta ne. Naki ba zai iya da shi ba, ci gare shi kamar ingarma." Ya miƙa mata, sannan ya tambayi jikin mahaifiyarta. "Ya idon Gwaggo?"

"Da sauƙi," in ji Khaula. Dukansu sun san ba sauƙi.

A ƙaramar bas ɗin Gaya ta samu kujerar baya, tsakanin wata tsohuwa mai ƙwaryar daddawa da buhun gero da aka ba shi wurin mutum guda. Ta ɗora kwalin a cinya, ta lulluɓe shi da hijabinta, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ɗaga shi sama. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi cinyar, ta ce, "Yarinya, ƙwai ne?" Khaula ta ce kusan hakan ne.

Abin da ya kai ta ga wannan wahala shi ne gidansu na ƙauyen Balan, wanda yanzu babu shi. Mahaifinta Malam Datti ya rasu, mahaifiyarta Inna Hure ta yi takabarta a gidan ta gama. Bayan nan Khaula ta ɗauko ta zuwa Gaya, inda take aikin zanen katin biki da haɗa bidiyo, don a kai ta Kano a duba mata ido. Kwana kaɗan za ta yi ta koma, ko tabarmarta ba ta naɗe ba. A cikin kwanakin nan aka yi ruwan da aka wuni aka kwana ana yi, gidan ƙasa kuwa, wanda babu namijin da ya yaɓe shi a ranin da ya wuce, ya zauna. Da 'yan uwa suka je, tulin ƙasa suka tarar da azara a ciki. Yanzu masara ake shukawa a wurin.

Inna ba ta taɓa cewa a kai ta ta gani ba. Amma kullum gidan yana bakinta. Idan ta sha ruwa sai ta ce na randar gida ya fi sanyi. Idan rana ta karkata sai ta ce yanzu inuwar durumi ta kai bakin madafi. Ba ta yi sallama da gidan ba, shi ne abin da ke cinta.

Likitan Kano kuma bai ɓoye musu komai ba. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana ƙanƙancewa daga gefe, magani sai dai ya rage masa gudu. Inna da kanta ta ce yanzu duniya take gani kamar mai leƙe ta ƙofar makulli, kuma kowane wata ƙofar tana daɗa tsukewa.

Shi ya sa Khaula ta zauna ta sake gina gidan a kwamfuta, da manhajar da ake ƙera gem da ita, yadda mutum zai shiga ya zaga. Ta tattaro hotunan wani bikin suna da aka taɓa yi a tsakar gidan, sauran ta ciko daga kanta. Aikin ya ci mata fiye da shekara. Da ta fara nuna wa Inna a kan tsohon katinta, wayyo, abin ba kyan gani. Hoton ya yi duhu, yana tafiya yana ƙamewa kamar akuya mai ɗingishi. Inna ta yi ta ƙura ido, can ta kau da kai ta ce, "Kashe, jiri yake sa ni. Ban ga komai ba sai toka." Ranar Khaula ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska.

To yau ga kati a cinyarta, na yini ɗaya. Idan Inna ba ta ga gidan yau ba, babu tabbacin idon zai jira wani aron.

Ta isa gida ana kiran azahar. Wuta kuwa tun shekaranjiya ba a kawo ba, amma ta riga ta roƙi maƙwabciyarsu Baiwa mai ƙanƙara ta ara mata janareta, ta kuma sayi mai tun jiya. Ta yi salla a gurguje, ta shimfiɗa zane a tsakar ɗaki, ta kwantar da kwamfutar ta buɗe cikinta.

Inna tana zaune a bakin gado da carbi, ta karkato kai don ta kawo 'yarta cikin ɗan abin da ya rage mata na gani.

"Ke, wai me kike ta fama da shi tun safe, ko abinci ba ki ci ba?"

"Wani abu na aro wajen Yaya Muttalib, Inna."

"Wannan yaron mai surutu? Allah ya sa ba bakinsa ya aro miki ba."

Katin ya ƙi shiga. Ya fi cikin kwamfutar tsawo da ɗan yatsa guda, wani ƙarfe da ke riƙe da faifan ajiya ya tokare shi. Ta kwance ƙarfen gaba ɗaya, ta ajiye faifan a ƙasa kan zane da wayoyinsa a jiki, ta sake gwadawa a hankali da bismilla. Ya zauna, ƙas. Ta canza akwatin wuta, ta fita ta ja janareta, ta dawo ta tarar manhajar katin tana neman a sauko da wani abu daga intanet. Sabis ɗin Gaya kuwa da rana tsaka sai addu'a. Ta fita tsakar gida ta ɗaga waya sama tana zagayawa, tana kallon inuwar katanga tana tsawo, kamar ta kama ranar ta ɗaure.

Sai da aka kusa la'asar komai ya daidaita. Fankokin uku suka fara juyawa, shiru, ko ƙara babu. Ta saki labule, ta jawo tebur har gaban gado, ta karkatar da allon saitin idon Inna na dama. Ta danna.

Ita kanta sai da ta tsaya kallo. Da hannunta ta gina kowane bango a gidan nan, amma ba ta taɓa ganinsa haka ba. Ga zaure da duhunsa mai sanyi, ga rana tana shigowa ta ƙofar ciki ta kwanta a ƙasa. Ƙasar ma ja ce, irin jan ƙasarsu, ba toka ba.

"Inna, duba nan."

Inna ta matso da fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Wannan ai zaurenmu ne," ta ce a hankali.

"Shi ne."

"Shiga mana. Kin tsaya a zaure kamar baƙuwa."

Khaula ta tura gaba. Hoton ya tafi sumul, babu ƙamewa. Suka fito tsakar gida. Durumin yana nan, ganyensa yana motsi, hasken yamma yana zubowa ta tsakaninsa yana rawa a kan randuna biyun da ke gindinsa. Har cikin ruwan randar da ba a rufe ba ana ganin sama.

"La ilaha illallahu," in ji Inna. "Wa ya bar randa a buɗe?"

Khaula ta yi dariya, hawaye na zubo mata. "Ni ce, Inna."

"Ai na sani. Halinki ne tun kina ƙarama. Yi hagu."

Suka yi hagu. Madafi da duwatsun murhu uku, bango ya yi baƙi da hayaƙi. Turmi a kife. Rumbu da hular ciyawarsa. Inna ta ce rumbun ya fi haka ƙiba, sannan ta ce a'a, a bar shi, haka yake a shekarar da gero bai yi ba. Ta sa aka tsaya a turken awaki, ta kira sunan wata akuya da ta mutu tun Khaula tana firamare. Suka shiga ɗakinta, ta ga jeren kwanukanta suna ƙyalli, ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin, ta janye da sauri kamar ta taɓa kayan wani. Fuskarta ta saki irin sakin da Khaula ta manta rabon da ta gani.

Aka kira la'asar a masallacin unguwa. Wayar Khaula ta yi ƙara, saƙon Muttalib ne, ya taso daga Ajingi. Ta kifa wayar.

"Fita," in ji Inna. "Bi ta bayan rumbu."

Khaula ta bi ta bayan rumbu.

"Yi dama. Tsaya nan."

Suna gaban turakar Malam Datti. Ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti, a rufe, da takalmansa na fata a bakinta yadda ya saba barin su. Rana ta faɗa a kan ƙofar, har tsatsar da ke gefen ƙusoshi ta fito. Inna ta gyara mayafinta, ta ja shi ya rufe kafaɗa.

"Buɗe," ta ce.

Khaula ba ta danna ba.

Babu komai a bayan ƙofar. Ƙofar ma ba ta buɗewa, manne take da bango. A gidansu 'ya mace ba ta shiga turakar uba. Idan an aike ta da fura, a bakin ƙofa take durƙusawa ta yi sallama, hannu ya fito ta ƙarƙashin asabari ya karɓa. Ta girma a gidan, ta san kowane tsagu na katangarsa, amma ɗakin nan ko sau ɗaya ba ta taɓa sa ƙafa ba, kuma babu mai ɗaukar hoto a can. Duk tsawon aikin bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai abin da ta bari ba. A wurinta turaka ƙofa ce shuɗiya, iyakarta ke nan.

"Inna..." in ji Khaula. "Ban gina cikin ba. Ban san yadda yake ba."

Inna ba ta juyo ba. Idonta yana kan ƙofar.

"Ba ya buɗuwa ke nan."

"Ba ya buɗuwa."

"To."

Wannan "to" ɗin ya fi wa Khaula zafi a kan a ce faɗa aka yi mata. Sai yanzu ta gane ba randa ko rumbu Inna take kewa ba, waɗannan duk hanya ce. Nan take son zuwa tun daga zaure. Ga katin da ya fi kuɗin sabon babur yana ta juya fankokinsa, yana bin kowane zaren haske, amma ba shi da abin da zai haska a bayan ƙofar nan.

"Bar ni a nan," in ji Inna. "Kada ki matsa."

Ta bar ta. Janareta yana ta ruri a waje, ganyen durumi yana jefa inuwa a kan shuɗin fenti. Haka suka zauna har aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, sai sallamar Muttalib daga soro.

Ya shigo da zolayarsa a baki, ya durƙusa zai gaida gwaggonsa, ya ga fuskokinsu, ya ga allon, ya haɗiye abin da ya zo da shi. Ya dubi agogo, ya dubi Khaula.

"Direba ba zai jira ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Wallahi da nawa ne..."

"Na sani, Yaya. Mun gode."

"Ɗauki abinka, ɗan nan," in ji Inna. "Amana ce. Allah ya yi maka albarka, na ga gidana."

Khaula ta kashe. Allon ya yi baƙi. Katin ya fito da ɗumi a jikinsa, ta riƙe shi ta gefe yadda aka koya mata, ta miƙa. Muttalib ya naɗe, ya sa a kwali, ya fita, ko bayanin zafin da ƙwaƙwalwar ta ɗauka bai tsaya yi ba. Ta bi shi ta kashe janareta. Unguwar ta yi tsit.

Da ta dawo ta tarar Inna ba ta motsa ba, tana fuskantar baƙin allon, idanunta a rufe. Khaula ta durƙusa tana tattara ƙusoshin kwamfuta a tafin hannu, don kawai ta samu abin yi.

"Idan kin shiga," in ji Inna, "gado yana hannun dama."

Khaula ta ɗago.

"Na ƙarfe ne, mai rumfa, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da dutse. Taga ƙarama tana gabas, saitin gadon. Da hantsi rana takan shigo ta faɗa masa a ƙafa, shi ya sa ba ya iya baccin safe."

Khaula ita ce 'yar fari. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta zama hira da ita irin ta uwa da 'ya, balle ta ambaci abin da ya shafi ɗakin miji a gabanta. Kunya ta kama Khaula har ta sunkuyar da kai. Amma Inna ta ci gaba, muryarta a kwance, kamar mai ba da sautu.

"Buzunsa yana ƙasan tagar. Rediyo a kan wani akwatin katako, eriyarta a karye, ya ɗaure da zare. Bayan ƙofa akwai ƙusa biyu. Ta sama malafarsa ce." Ta ɗan tsaya. "Ta ƙasa ni ya kafa wa, saboda ba na kaiwa ta saman. Nan nake rataye mayafina."

"Inna, zan gina shi," Khaula ta ce, hawaye yana ɗiga a kan ƙusoshin da ke hannunta. "Wallahi zan gina. Sai dai katin... ban san ranar da zan sake samun irinsa ba. Ina tsoron kafin nan idon..."

"Ke, wa ya ce don ni?" Inna ba ta buɗe ido ba. "Ni ai ga ni a ciki. Ke ce ba ki taɓa ganin inda ubanki yake zama ba."

Khaula ta zuba ƙusoshin a kan zane. Ta matso ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar gadon, kusa da gwiwar Inna.

"Bangon fa?" ta tambaya. "Wane launi ne?"

"Farar ƙasa. Ni nake shafa masa duk ƙaramar salla," in ji Inna. "Amma ta wajen gadon ya ɗan yi duhu, inda yake jingina kai."